Rubutun Ƙusa a Gindin Filta

Litinin, 1 ga Satumba

Rufin sito ya fara yoyo. Na hau in sauke kayan saman kanta, sai ga wani kwali can ƙurya, ɓera ya ci gefensa. Filtocin baƙin mai ne, na manyan injinan dizal irin na da, guda ashirin da uku, ko ɗaya ba a taɓa ɗaurawa ba. Na juya gindin ɗaya, sai ga rubutun ƙusa. Hannun Baba. Ranar da ya saye su ce, shekara ashirin da shida ke nan. Haka yake yi wa duk filtar da ta shigo garejin nan, ya karce kwanan wata da wata doguwar ƙusa da ba ta barin aljihunsa. Ina yaro dariya abin yake ba ni. Inna, Allah ya ji ƙanta, har ta gaji da ɗinke aljihun.

Na kai masa kwalin kan tsohuwar kujerar motar da yake zama a bakin gareji. Tun da yanar ido ta rufe masa gani ban ga fara'arsa irin ta yau ba. Ya riƙa ɗaukar su ɗai-ɗai, ya danna robar bakin da farce, ya girgiza a kunne, ya shinshina. "Auta, ka ji nauyi? Wannan ita ce filta, ba gwangwanin madarar da kuke ɗaurawa yanzu ba." Shekarata arba'in da bakwai, ga furfura, amma har yau Auta.

Laraba, 3 ga Satumba

Mai Tanka ya zo, wai ranar Asabar zai kawo mota juyen mai. Tankar ruwan nan tasa ta girmi aurena, kuma tun tana sabuwa Baba ne likitanta. Ita kaɗai ta rage cikin motocin da muke gyarawa da filtocin nan za su hau. Baba ya ce, "Tawa za a sa mata." Mai Tanka ya washe baki: "Maigida, ai abin da ka taɓa ya gama kyau."

Da suka shiga hira na zari ɗaya na fita rana da ita. Robar ta ƙandare kamar itace, na danna farce ko alama. Na leƙa ramukan, tsatsa ja-wur. Warin sito kawai take yi. Idan waje ya zama haka, takardar ciki fa? In ta fashe ta bi hanyoyin mai ta toshe su, injin ya buga ke nan. Mutumin nan kuwa baki tara yake ciyarwa da motar nan, ba shi da wata.

Yatsun Baba sun mutu, shi ne bai sani ba. Ido ya ƙwace masa sifana, ya ƙwace masa tuƙi. Duba filta kaɗai ya rage masa. Ni ne zan tsaya gaban mutane in ce ya yi kuskure? Kai, ina!

Asabar, 6 ga Satumba

Na yi abin da na yi. Baba ya zaɓa da kansa ya miƙo mini, na shiga ƙarƙashin mota da ita, na tura ta cikin akwatin kayan aiki, na ɗaura sabuwar da na sayo jiya. Da aka tayar da injin ya karkata kunne ya ce, "Kun ji? Ta gane abincinta." Kowa ya yi dariya, har da ni. Wallahi kunya ce ta ishe ni.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yini na yi ina tuna da. In an cire tsohuwar filta Baba ba ya yarda a jefar. Sai ya ɗaure ta a bais, ƙarfen matse kaya, ya yanke da zarto, ya zaro takardar, ya shimfiɗa ta a rana ninki-ninki, ya kira ni. "Me ka gani?" In ce baƙi. Ya dungure mini kai. "Duba da kyau, ragon banza." Sai in ga ɗan ƙyalli-ƙyalli, garin ƙarfe. Daga nan zai gaya wa direba abin da ke cin injinsa tun kafin a kwance ko noti ɗaya, kuma da wuya ya kuskure. Inna ta aiko da abinci ya huce muna tsugune a kan takarda.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau na ga ta kaina. Na dawo daga sayen kaya Baba yake gaya mini, cike da jin daɗi, ya ba Mai Tanka filta biyu kyauta, ya kai wa ƙanensa mai tifa. Ko ruwa ban sha ba na hau babur. Na tarar da Mai Tanka a wurin ɗiban ruwa, filtocin na kan kujera, Allah ya sa bai kai ba. Dole na fasa masa komai. Ya ce, "Ni dai ka cece ni, na gode. Amma jiya ma wani ya tambaye ni ko Maigida zai sayar masa da ɗaya. Mutum nawa za ka bi da babur?"

Na karɓi filtocin na hau babur na dawo.

Asabar, 13 ga Satumba

Mai Tanka ya tsaya a ɗaure masa bel ɗin injin. Ina can ina neman sifana, ashe Baba ya lallaba da sandarsa har gefen injin, yana son ya shafa filtarsa. Na juyo na ga hannunsa a gindinta. Ya shafa, ya sake shafawa. Sumul, ba rubutun ƙusa. Ni da na girma ina kallon ƙusar nan, ni na manta da ita!

Sai da motar ta tafi sannan ya ce, "Auta, ɗauko zarto."

Na yanka ɗaya daga cikin kwalin. Ya sa hannu ya zaro takardar, ta marmashe a yatsunsa kamar busasshen ganye. Ya daɗe yana murzawa.

"Yaushe ka gane?"

"Tun Larabar makon jiya, Baba."

"Da me?"

"Da farce."

"Wa ya koya maka?"

Na ce shi. Ya kaɗa kai. "To abin da na koya maka ne ka ji kunyarsa? Ka bar ni ina rabon guba ina cika baki? Da injin bawan Allah ya buga, da wane ido zan dube shi, ni da ba ni da idon ma?" Ya ɗan yi dariyar maganarsa, ni kuwa hawaye. Ya sa aka raka shi gida tun kafin azahar.

Talata, 16 ga Satumba

Kwana uku kujerar ba kowa. Na share ta sau biyu, ban san dalili ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na je gaishe shi. Ya tambayi jikokinsa, ya tambayi rufin sito, bai tambayi kwalin ba. Maman yara ta ce in bar shi ya huce. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na yanka sauran duka, ko a samu mai rai. Babu. Na bar guda ɗaya cif a kan kanta, don kawai.

Litinin, 22 ga Satumba

Ya dawo. Da safe na tarar da shi a kujerarsa, kamar ba a yi komai ba, yana yi wa mai walda tsiya. Can wani direba ya zo da filtar da ya sayo a kasuwa, ya durƙusa ya miƙa masa, a duba ko ta gaske ce. Baba bai karɓa ba. Ya nuna wajena da sanda ya ce, "Kai wa mai gareji."

Sai da na waiwaya in ga wa yake nufi.

Filtar ba laifi, robar na da rai. Zan shiga ƙarƙashin mota Baba ya ce in zo, ya laluba aljihu ya danƙa mini wani abu, wai yana yaga masa riga ne kawai. Ashe ƙusar ce. Na karce kwanan watan yau a gindin filtar. Don kada ta zauna banza ne, ba wani abu ba. Ya karɓa ya bi rubutun da babban yatsa, ya taɓe baki ya ce biyu-biyun da na rubuta sun karkace.

Ɗazu maman yara take tambaya me ya huda mini aljihu.