Sunan Gonar Bakin Tafki

Coesfeld, 3 ga Maris

Gwaggo Ursel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Ni ce Henrike, 'yar ƙanenki Dirk. Ki yafe mini, ban iya wasiƙa ba.

Malamarmu ta ce kowa ya binciko asalin sunan gidansu. Mama ba ta son zancen, shi ya sa na rubuta wa Baba. Sau uku wasiƙar tana dawowa, wai babu mai suna Diekhoff a wannan bene. Shekara biyu ban ji muryarsa ba. Ya tashi ne? Ko layi ɗaya ya rubuto mini, ya isa.

Ki huta lafiya,
Henrike Diekhoff

Bottrop, 9 ga Maris

'Yar gidana,

Ina amsawa. Ƙafa kam sai a hankali.

Kai, mutanen ƙauyenku da rufe baki! Ba wanda ya gaya miki? Diekhoff sunan gonar kakanninki na wajen uwa ne, ma'anarsa gonar bakin tafki. A wajenku duk namijin da ya auri magajiyar gona, sunan gonar yake ɗauka. Haka Dirk ya ajiye namu, Pawlak, har muna tsokanarsa da amarya. Da auren ya mutu ya koma Pawlak. Yana nan bai tashi ba. Mai kai wasiƙa sunan jikin ƙararrawar ƙofa yake dubawa, kin sani.

Gara ki ji daga bakina: ya sake aure, sun sami ɗa.

Gwaggonki,
Ursel

Coesfeld, 14 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na karanta labarin sunan a aji. Malama ta ce sunana ya yi shekara ɗari huɗu, in yi alfahari. Wani yaro ya ce ashe ni da shanunmu sunanmu ɗaya, aka yi dariya.

Ga wata wasiƙar da na rubuta wa Baba a ciki. Na gwada rubuta Pawlak a bayan ambulan, sai na ga kamar baƙo nake rubuta wa. Don Allah ki miƙa masa da hannunki.

Taki,
Henrike

Bottrop, 29 ga Maris

Henrike,

Na ba shi. A tsaye ya karanta, sau biyu, jaririn yana saɓe a kafaɗarsa. Ya tambayi tsawonki yanzu, na ce ni ma ban sani ba. Na ajiye masa biro da takarda a kan tebur, na zauna har shayina ya huce, bai ɗauki biron ba.

Kada ki riƙa tsayuwa bakin akwatin wasiƙa, 'yata.

Ursel