Larai Ta Bar Gida

Inna,

Na leƙo na tarar kin koma barci bayan asuba, ban tashe ki ba. Ki yafe mini, masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun ja Larai. Na san kin ce sai kina nan. Ni na ce su yi sammako, don ba zan iya tsayawa kina kallo ana ɗaure motar Baba da igiya ba.

Sabuwar tana ƙofar gida. Ƙanwata Labiba ta dage a kira ta Lami tunda ran Alhamis ta zo, yadda Baba ya sa wa Larai suna don ran Laraba ya sayo ta. Na ce ta rufe mini baki, ke za ki raɗa. In ba ki shirya ba, ta zauna ba suna.

Kafin su tafi na buɗe but ɗin bayanta, sai ga rubutun Baba a cikin murfin. Ashe duk shekara yana rubuta abin da ta yi mana: ɗauko Labiba daga asibitin haihuwa, shekarar da na samu permi na tuƙi, kai 'yarki Adawiyya ɗakin mijinta a unguwar Gbégamey. Na bara ya ce, “Sau tara ta kai ni asibiti, ba ta taɓa mutuwa a hanya ba.” Allah Ya ji ƙansa.

Na sa bakanike ya kwance murfin, yana bayan ƙofarki. Wurin bana fili ne. Na ɗauki biro, na sake ajiye shi.

Na tafi unguwar Saint-Michel, sai la'asar. Don Allah ki karya.

Wada