Kalmomi Biyar a Tafin Hannu

Laraba, bayan Isha'i, Dogon Dutsi.

Manhajar da ɗiyata Hadiza ta sa mini a salula tana ba ni kalmomi biyar da safe, da hantsi ta tambaye ni su, sakamakon ya tafi wa Hadiza a Yamai. Sati uku ke nan ina rubuta su a tafin hannu, ni da na tsufa ina kama 'yan lakwal, ɗalibaina, da wannan satar amsar.

Ɗazu ta kira. "Baba, ƙwaƙwalwarka garau take." Na ce alhamdulillahi.

Ban gaya mata ba, da zan yi alwalar Azahar na ga kalmomin a tafin hannuna. Rubutuna ne, babu shakka. Har yanzu ban tuna na rubuta su ba.