Kunnen Bakanike

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya jikin Mama? Ki ce mata autarta tana nan da rai, gajiya ce dai ta yi mata katutu.

Na ga saƙonki mai cike da faɗa, wai na yi watsi da ku. Yaya, ki sassauta. Tun da abokiyar aikina ta ajiye aiki ba a kawo wata ba, ni kaɗai nake riƙe da ɗakin maza na asibitin da safe. Ina dawowa gida ƙafafuna sun kumbura, sau da yawa barci ke ɗauke ni da takalmi ɗaya a ƙafa. Wannan ma a kan teburin magunguna nake rubuta miki ita, kafin a kira ni.

Kin tambaye ni wane irin aiki ne wannan da ba ya ƙarewa, bayan allura ce kawai a soka a wuce. Da haka ne ai da na yi ƙiba. Majinyatana masu tarin fuka ne, irin mai taurin kai, kuma allurar da likita ya rubuta musu kullum ake yin ta har tsawon watanni. Tana aiki, amma tana da mugun hali: wani lokaci takan taɓa ƙoda, wani lokaci ta ci kunne, kuma abin da ta ci na kunne ba ta dawo da shi. Idan an gane da wuri, likita sai ya tsayar da ita ya koma wa ƙwayoyi, a tsira da sauran jin. To ni gadin maganin nake yi. Ina duba fitsari, ina tambayar jiri, ina tambayar ko kunne na ƙugi. Na'urar gwajin ji ta lalace tun kafin damina, ana ta cewa mai gyara yana hanya. Sai na ƙirƙiro tawa dabarar: kowace safiya nakan tsaya ta bayan kan gadon mutum, inda ba ya ganina, in gaishe shi da raɗa. In ya amsa, na san kunne na nan.

Akwai wani da ke rage mini nauyin yini, bakanike ne, gadonsa na jikin taga. Yaya, wannan mutumin da kunne yake cin abinci. Yana kwance zai ji mota ta shigo harabar asibiti, ya ce waccan filoginta ɗaya ya mutu, waccan kuma mai ita marowaci ne, ya ƙi canza baƙin mai. Motar likita ma bai ƙyale ta ba. Janaretan asibiti kuwa abokin gabarsa ne, da an tayar da shi zai fara tsaki, wai ya fi duk 'yan ɗakin buƙatar a ba shi gado. Yana da mata da ƙananan yara, kullum zancensa garejinsa da ya bari a rufe. A gadon da ke fuskantar nasa akwai wani tela dattijo, sun zama kamar tagwaye, komai tare suke yi.

Ki riƙa tambayar Mama ko maganin hawan jininta yana sa ta jiri idan ta miƙe. Kada ki yarda da "ba komai" ɗinta, kin san halinta.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Da fatan zazzaɓin ƙaramin naki ya sauka, kuma Mama tana samun barci. Ni jikina lafiya, zuciyar ce ba daɗi, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna bakaniken da na ba ki labari? Kwanakin baya na lura ya daina zagin janareta. Na ce ko ya gaji ne, don ni ma akwai abubuwan da na gaji da zagi. Kuma kowace safiya in na yi masa raɗa yana amsawa tsaf: lafiya lau, alhamdu lillahi, da sauƙi. Na tambaye shi a gabansa ko kunnensa na ƙugi, ya girgiza kai. Sai na bar zancen, na ci gaba da tura keken magungunana.

Shekaranjiya wata tsohuwar mota ta shigo, salansarta a fashe, har gilashin taga yana rawa. Duk ɗakin aka juya, ban da shi. Yana zaune yana gyara igiyar takunkumin fuskarsa kamar ba abin da ya faru. Nan na fara zargi.

Washegari na tsaya ta bayan gadonsa kamar kullum, amma maimakon gaisuwa sai na raɗa masa cewa matarsa tana bakin ƙofa tana jiransa. Ya gyara murya ya ce, "Lafiya lau, Nas. Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na ɗaga ido sai na ga tela yana taɓa hularsa. Ashe alama ce. Da na sunkuya zan yi raɗa, tela zai taɓa hula, shi kuma ya jero amsa. Ni da wayona, kullum gaisuwa iri ɗaya nake yi, ita kuwa gaisuwa ko kurma ya san amsarta. Laifi tudu ne, Yaya, ba zan taka nawa in hango nasu ba. Da na riƙa sauya tambaya da tuni asiri ya tonu, amma gajiya ta mayar da ni inji, ina zagaya gadaje da baki ɗaya.

Na ja tela gefe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da farko ya yi ta rantse-rantse, daga baya ya sauke kai ya faɗa mini komai. Kafin a kawo ni ɗakin, wai akwai wani da ya ce kunnensa na ƙugi, aka cire shi daga allura aka ba shi ƙwayoyi, ba a jima ba ya rasu. Na bincika, mutumin ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, ba ruwan ƙwaya. Amma a wurin 'yan ɗakin magana ta zauna: allura ita ce magani na gaske, wanda aka mayar wa ƙwaya an sallama shi ne. Duk sabon da aka kwantar sai sun ja masa kunne, in Nas ta tambayi ƙugi ka ce babu. Bakanike ya daɗe yana jin ƙara kamar kukan gyare a kansa, ya roƙi tela ya rufa masa asiri. Tela yana faɗa mini yana hawaye, wai shi ceton ran amininsa yake yi. Garin neman gira aka rasa ido.

Na yi fushi, na kuma rasa wanda zan sauke wa. Na je na gaya wa likita. Shi ma mutum ɗaya ne a kan ɗakuna uku, idonsa ja wur. Ya dafe kai, ya tsayar da allurar nan take, ya rubuta ƙwayoyi, ya tura bakanike wani asibiti a gwada kunnen. Gobe za mu ji sakamako, amma ni na riga na san abin da za a ce.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Mama, kada ki ba ta wannan labarin.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Na gode da kiran da kika yi ta yi, ki yafe mini rashin ɗauka. Ba na son ki ji muryata a yadda take.

Sakamako ya zo. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura kaɗan, sai an ɗaga murya sosai a kusa da shi. Ba zai sake jin bugun inji ba.

Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Da na kai masa ƙwayoyi sai ya ture hannuna. Ya ƙi sha, ya ƙi cin abinci, yana nuna mini cinyarsa yana roƙon a mayar masa da allurarsa. Ya ce kurma yana iya ciyar da yara, gawa ba ta iyawa, shi ya riga ya zaɓa, a bar shi da zaɓinsa. Likita ya yi masa bayani a ofis, bai ji rabi ba, rabin da ya ji bai yarda ba. Na gwada rubuta masa, karatunsa bai wuce lambar mota da sunan kayan gyara ba. Bakina kuma a rufe yake da takunkumi, balle ya karanci leɓe. In ya ci gaba da ƙin magani tarin zai dawo da ƙarfinsa, ya rasa kunne ya rasa rai. Sauran majinyatan kuwa sun zuba ido, a ganinsu ga wani kuma an sallama.

Yaya, abin da na yi bai dace da aikina ba. An koya mana ciwon mutum sirrinsa ne, a janye shi gefe a gaya masa a hankali. Zan iya sake kai shi ofis in rufe ƙofa. Na yi tunanin hakan, sai na dubi gadajen nan, kowanne da kunnuwa biyu da allura a jikinsa, ban san su nawa ne ke yi mini ƙarya ba. Na tsaya a gefensa na dama, a tsakiyar ɗaki, na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Baba, ƙwayar nan tana warkarwa kamar yadda allura take warkarwa. Ba a sallama ka ba. Da ka faɗa mini tun ranar da ƙugin ya fara, da yau kana da ranka, kana da kunnenka."

Sai da na maimaita kafin ya kama. Na ga lokacin da maganar ta shige shi, fuskarsa ta saki. Tela ya ja bargo ya rufe kansa.

Bakanike ya dube ni, ya ce, da irin babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa, "Ke nan a banza na bayar da shi?"

Ban iya ce masa a'a ba. Na gyaɗa masa kai. Ya miƙo hannu ya karɓi ƙwayoyin, ya haɗiye, ya juya wa ɗaki baya. Abin da ya rage masa na riƙewa shi ne imanin cewa kunnensa ya bayar ya sayi ransa, ni kuma na ƙwace masa shi a gaban jama'a. Na koma bayan labule na yi kuka, abin da na manta rabon da in yi a wurin aiki.

Da na fito zan ci gaba da zagaye, wani magini da ke gadon ƙarshe, wanda ba a daɗe da kwantarwa ba, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Ya ce tun makon jiya kunnensa ke ƙugi. Kafin in gama da shi wani ma ya kira ni. Likita ya duba su duka biyun, ya ce an tare abin da wuri, jinsu zai tsira.

Metiron, shugabarmu ta nas-nas, ta kira ni ta yi mini faɗa a kan tona sirrin majinyaci, kuma tana da gaskiya, ban musa ba. Bakanike yana shan maganinsa kullum ba fashi, tarin yana sauƙi, likita ya ce zai koma ga 'ya'yansa. Sai dai ba ya yi wa tela magana, ni ma ba ya yi mini. In na kawo magani sai ya miƙo tafin hannu, idonsa na kan taga. Mutum biyu sun tsira da kunnensu, Yaya, na san da haka, ina kuma faɗa wa kaina. Amma kowace safiya sai na zo gadon nan, kuma har yau ban san yadda zan gaishe shi ba.

Ki gaida Mama da yara. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta