Ni Ba a Canza Ni

Yaya Zeinabou,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Inna da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, kada ki damu.

Kin tuna yadda nake jifan tsuntsaye a gonar Baba? Jifan nan ne ke ciyar da ni a Jidda. Kafilina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a nan, yana da ƙungiyar besbol, wasan da wani ke jefa ƙwallo, wani ya maka ta da sanda. A sauran ƙungiyoyi, in mai jifa ya gaji sai a sako wani. Ni ba a canza ni. Bana ba wanda ya kai ni jefa wasa daga farko har ƙarshe, har kafili yana nuna ni ga baƙinsa kamar ragon layya.

Kafaɗar ce dai take ɗan damuna. Ranar Juma'a na ɗaga hannu zan yi kabbara, na dama ya tsaya a ƙirji, ya ƙi kaiwa kunne. Na gaya wa mai horar da mu, ya ce, "Halas, ya isa haka, sa mata ƙanƙara. Haka Othman ya fara ƙorafi." Othman shi ne mai jifan da na gada. Da hannunsa ya mutu ba a sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma ba mai ambaton sunansa.

In an sami mai zuwa Umra, ki aiko min da man shafawa na wanzaminmu. Kada ki gaya wa Inna, ki dai ce ta sa ni a addu'a. Jibi akwai wasa, kuma ni ne zan jefa.

Ƙaninki,
Isha'aku