Takardar da Na Ƙi Kaiwa a Karanta Mini

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da ban taɓa gani ba. Da ajami na rubuta wannan, ka san ubanka bai yi boko ba. Na ce a juya ta zuwa boko a sa inda kowa zai gani, kada a gyara mini ko kalma guda.

A ƙauyenmu na bakin ruwa, kusa da Wara, kai ne na farko da ya tafi kwalejin malanta a Sakkwato, lokacin mu da Sakkwato duk jiharmu ɗaya. Ranar da ka shiga mota na bar taru cikin jirgi, ina ta faɗa wa mutane, har waɗanda ba su tambaya ba.

A shekara ta biyu ka dawo, ba lokacin hutu ba. Ka rame. Innarka ta aje maka tuwo da miyar kifi, ka yi ta kallonsa har ya huce. Ka miƙo mini takarda mai hatimin makaranta, ka ce za ka karanta mini. Na hana. Na ɗauka korarka anka yi, za ka ɓoye mini.

Ka san yadda ake karatun wasiƙa a zamanin. Sai an je Yelwa, gindin durumi kusa da gidan waya, mai karatu ya ɗaga murya, masu jira da masu talla duk suna saurare. Na je har wurin, Hamisu. Na iske masunta biyu na garinmu zaune. Sai na maida takardar aljihu, na sayi gishiri, na dawo.

Na yanke a raina lalaci ne. Kwana bakwai ina sa ka jan taru, kana kasawa, ina yi maka tsawa a gaban mutane. Innarka ta ce yaron nan ciwo gare shi, na ce ta rufe mini baki. Na sa ka a mota, na ce kada in gan ka sai ka gama. Ban sake ganin ka ba.

Duk wanda ya tambaya, sai in ce karatu ne ya yi gaba da kai. Ni da ake zuwa wurina a ji inda tsohon garinmu yake kafin ruwan dam ya ci shi, da wa ya haifi wa, ban taɓa yi wa tarihin kowa ƙarya ba, sai na ɗana.

Bara Innarka ta rasu, na iske takardar cikin akwatinta, naɗe da ƙyalle. Na kai wa wata ma'aikaciyar asibiti a Wara, ta karanta mini a hankali, daga ni sai ita. Ashe ba kora ba ce. Malaminka ne ya rubuta cewa ciwon damuwa ya kama ka, ba ka barci, ba ka cin abinci, likita ya duba ka, ana son uba ya zo a yi shawarar magani, kuma gurbinka na nan. Layi kaɗan ne. Ta ce cuta ce kamar kowace, ana warkewa. Na kasa ɗaga kai in dube ta.

Ƙanwarka ta gaya mini malamin nan ne ya riƙe ka a gidansa, yana kai ka asibiti har ka samu sauƙi ka gama. Abin da anka kira ni in yi, baƙo ya yi shi.

Juma'ar da ta wuce, da anka idar da salla, na miƙe a ƙofar masallaci na ce ɗana ciwo ya yi, ni na kore shi. Tsofaffi sunka sunkuyar da kai. Liman ya ce in zauna, ban zauna ba sai da na kai ƙarshe.

Ba ni da bakin da zan ce ka taho. Amma gwiwoyina sun daina yarda da jirgi, ganina yana raguwa. In ka yarda, aiko a ce in zo. Zan shiga mota ko da a kwance ne.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya saka wa malamin nan da Aljanna, Ya jiƙan Innarka. Allah Ya sa kada in mutu ban ji ka ce Baba ba.

Ni ne ubanka,
Ɗanjuma Masunci