Ƙyalle Biyu a Jana'izar Dakta Auyeung

Cikin alhini da sanyin jiki, Ƙungiyar Mafassara Waƙoƙin Sinanci da Turanci ta unguwar Ashfield, Sydney, ta samu labarin rasuwar uwarta kuma Shugabarta ta Girmamawa, Dakta Auyeung Wai-ching, wadda ta cika da hantsin Talata a kujerarta ta bakin taga, tana da shekara tamanin da uku, shayinta bai ko huce ba.

Marigayiyar ta zo ƙasar nan daga Toishan ta ƙasar Sin tana budurwa, ta ƙarar da rayuwarta tana ɗauko waƙoƙin mutanen da daga Sinanci zuwa Turanci, tana mayar da na mawaƙan nan zuwa Sinanci, a hankali, kamar mai tafiya da ruwa a tafin hannu. Ba ta sakin baiti sai ta rera shi tana ƙwanƙwasa kofi da tsinken cin abinci. In amon bai zauna ba, baitin ya dawwama a wurinta ke nan. Mu ɗalibanta, masu digiri da furfura, mun sha jin hukuncinta a kan fassararmu: "Dutsen ya iso, yarona, itatuwan ma sun iso. Ina ka baro sanyin safiyar?"

Bisa al'ada, ƙungiya ta rubuta baiti biyu na makoki a fararen ƙyallaye, domin a rataya su dama da hagun hotonta. 'Yarta tilo, Uwargida Lorraine Auyeung, haifaffiyar nan wadda ba ta karanta rubutun Sin, ta daɗe tsaye a gabansu, sannan ta dubi Sakatarenmu, Farfesa Tsang, ta ce: "Kawu, rubutu kam ya yi kyau. Amma me kuka ce wa mamata?" Kwamiti ya zauna domin fassara, aka shanye tulun shayi, kowane shehin malami ya tabbatar wa ɗan'uwansa cewa shi ɗan'uwan bai iya Turanci ba. Dattawa kuma suka ce ba su taɓa ganin Turanci a ƙyallen makoki ba, kuma babu gurbin ƙyalle na uku.

Don haka ƙungiya na sanar da jama'a cewa ta sauke baitin hagu. Ranar Asabar a maƙabartar Rookwood, ƙyallen dama zai kasance da Sinanci, na hagu da Turanci, hoton marigayiyar a tsakaninsu, ƙyallayen biyu ɗauke da magana guda: kwalekwale ya kai gaɓa, ruwan bai daina motsi ba. Uwargida Lorraine ta karanta na hagun da kanta, ta nemi kujera ta zauna, ta ce kada kowa ya ƙara taɓa shi.

Muna roƙon Ubangiji ya ba ta, da jikoki, da ɗaukacin iyalan Auyeung haƙurin jure wannan babban rashi.

Desmond Fung Ka-ming
Kakakin Ƙungiya